Daga Aji a Tambuwal Zuwa Ɗakin Haihuwa a Fakku

Idan mace ta haihu a Fakku ta ƙasar Kebbe jini ya ɓalle mata, da wuya a ce likita ne zai tsaya a kanta. Wadda za a samu, in an yi dace an kai ta asibiti, ita ce ungozoma ko jami'ar lafiya ta al'umma. Kebbe da Tambuwal akwai tafiya, Sakkwato kuwa sai an shirya, balle a ce da damina ne, ko cikin dare a wannan zamani da ba kowane mai mota ke yarda ya kama hanyar daji ba. Jinin haihuwa kuma ba ya jira, yana iya gamawa da lafiyayyar mace cikin awa biyu. Saboda haka, bayan ikon Allah, ran wannan baiwar Allah ya dogara ne ga abin da hannun ma'aikaciyar ya iya. Abin da hannun nan ya iya kuwa wani ne ya koya masa, shekara biyar ko goma ko ashirin da suka wuce.

Wannan wanin nake son mu yi magana a kansa: malamin da ke koyar da ma'aikatan lafiya. Yana nan a kwalejojin koyon aikin jinya da ungozomanci na Sakkwato da Tambuwal, yana Kwalejin Sarkin Musulmi Abdurrahman ta Fasahar Lafiya da ke Gwadabawa, inda ake yaye da yawa daga cikin waɗanda ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara, yana kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta. Ba a yanka masa ƙyalle ranar buɗe gini, ba a sa hotonsa a allon kamfe. Amma duk allurar da aka yi daidai a Kuchi, duk jaririn da aka farfaɗo da shi a Dogon Daji ko Sanyinna, da sa hannunsa a ciki. Haka nan duk kuskuren da aka yi da kyakkyawar niyya.

A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ƙara yawan ɗaliban da makarantun likitanci da na jinya da sauran fannonin lafiya za su riƙa ɗauka, daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Dalilinta a fili yake. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a shekarar cewa likitoci 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, ita kuma Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozomanci ta ce ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun fita cikin shekara uku. Ba wanda zai ƙi a ƙara ɗalibai, musamman mu a Sakkwato da muke fama da ƙarancin ma'aikata. Sai dai ƙa'idar hukumar jinyar ita ce malami ɗaya ga ɗalibai goma. In muka ɗauki wannan awo muka auna ƙarin gurabe 36,000, ko da a gurguje ne, muna maganar sababbin malamai 3,600 don 'yan aji ɗaya kaɗai, kafin su haura na biyu a kawo wasu. Daga ina za su fito? Waɗanda ke tafiya Saudiyya da Ingila da Kanada ba sababbin yaye ba ne kawai, akwai ƙwararrun da suka goge, waɗanda su ne ya kamata su tsaya gaban allo. Ana iya gina aji cikin wata shida. Malamar ungozomanci kuwa sai ta yi karatunta na shekara uku, ta yi shekaru tana karɓar haihuwa, sannan ta koma ta koyi koyarwa. Babban likita mai horar da wasu, daga shigarsa jami'a zuwa kammala ƙwarewa, ba ya kasa shekara goma sha uku.

Iya aiki daban, iya koyar da shi daban, kuma nan ne muka daɗe muna yi wa kanmu ƙwange. A ɓangaren jinya da lafiyar al'umma an fahimci haka tun tuni, shi ya sa ake da kwasa-kwasan horar da malamai irin na Ibadan da na Kaduna, kuma hukuma ba ta lissafa mutum a matsayin cikakken malami sai yana da shaidar koyarwa. A jami'a kuwa, likita kan gama ƙwarewarsa a tiyata ko cututtukan yara, a ba shi takardar lakcara, washegari ya shiga aji. Abin da ya sani na koyarwa shi ne yadda aka koyar da shi, in da tsawa da tsawa, in da muzantawa da muzantawa. An yi yunƙurin gyara tsakanin 2010 da 2015, lokacin da jami'o'in Ibadan da Jos da Nsukka da Maiduguri da Legas da Ahmadu Bello ta Zariya suka haɗu a wani shiri da Amurka ta ɗauki nauyi don sabunta manhaja da horar da malamai. Abubuwan da ake koyo a irin wannan horo ba na ado ba ne: yadda za ka rubuta tambayar jarrabawa da za ta gwada hankali ba hadda ba, yadda za ka tsaya ka ga ɗaliba ta ɗinke da hannunta kafin ka sa mata hannu a littafin aiki, yadda za ka gyara mata kuskure a gaban marar lafiya ba tare da ka zubar mata da mutunci ba. Ɗalibar da aka saba yi wa tsawa takan koyi darasi guda da kyau, wato ɓoye abin da ba ta sani ba. A ɗakin haihuwa ba abin da ya fi wannan haɗari.

Ko malamin da ya iya koyarwa ma, iliminsa yana tsufa, kuma a fannin lafiya tsufansa da sauri yake. Wanda ya yi karatu a shekarun 1990 an koya masa kulorokwin ne maganin zazzaɓin cizon sauro; a 2005 Najeriya ta sauya zuwa haɗin magunguna masu atimisinin. An koya masa kwinin ga yaron da zazzaɓi ya yi wa tsanani. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita allurar atesunet. Wanda ya biyo bayansa kuma an koya masa awon ciki sau huɗu. A 2016 aka mai da shi takwas. Jijjigar masu ciki da a da ake yi wa allurar sa barci, yanzu magniziyam salfet ake ba ta, kuma mun ga amfanin sake koyo a kusa da gida: da aka horar da ma'aikatan asibitoci goma a Jihar Kano kan wannan magani daga 2008, mace-macen masu jijjiga ya sauko daga kusan 1 cikin 5 zuwa ƙasa da 3 cikin 100. A 2013 Jihar Sakkwato ce ta fara raba man kulohezidin na shafa wa cibiyar jariri tare da ƙwayoyin misoforostol na tsai da jini har cikin gidaje, a jihar da ke da mazaɓu 244. Duk malamar da ba ta bi waɗannan sauye-sauye ba, tana nan tana karanto wa ɗalibai abin da duniya ta riga ta bari.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na auna jini. Shekara da shekaru ana koya wa ungozoma ta dubi zane da ƙasa ta ƙiyasta yawan jinin da ya zuba. Ido kuwa yana raina jini. Sau da yawa kafin a farga mace ta yi nisa. A watan Mayu na 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Kusan rabin asibitocin a Najeriya suke, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren ƙasar nan. Abin da aka gwada ba shi da tsada: wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, jinin ya taru a cikinta a gan shi da lamba. Da zarar ya kai rabin lita, ko alamun jiki sun nuna haɗari, sai a haɗa matakai a lokaci guda maimakon a gwada ɗaya a jira: a murza mahaifa, a yi allurar okzitosin, a ba da maganin tsai da jini na taranekzamik, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in abin ya ƙi a kira na gaba. Gano zubar jini ya tashi daga kusan rabi zuwa sama da kashi 90 cikin 100, munanan sakamako kuma suka ragu da kashi 60.

To, ku lissafa. Malama ɗaya tana yaye ɗalibai, a ce hamsin, kowace shekara. Kowace ɗaliba za ta yi aikin gwamnati na shekara talatin ko fiye. In labarin ledar nan bai kai ga malamar ba, ko ya kai gare ta a takarda amma ba ta taɓa riƙe ledar ba, to ƙiyasin ido zai ci gaba da rayuwa a asibitocin Kebbe har jikokinmu. Kuskuren ma'aikaci ɗaya yana tsayawa a ɗakin da yake aiki, na malami kuwa yana bin kowane ɗalibi zuwa inda aka tura shi.

A takarda akwai tanadi. Likita ba ya sabunta lasisinsa sai ya tara maki 20 na ƙarin ilimi a shekara, ma'aikatan jinya da ungozomomi kuma suna da kwas na dole kafin sabunta nasu duk shekara uku. Gwamnatin tarayya ma ta yi alkawarin sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000 na matakin farko. Amma kowa ya san yadda bita ta koma a ƙasar nan. A kama zaure a otal a Sakkwato ko Abuja, a yi kwana uku ana haska rubutu a bango, a ci abinci, a karɓi kuɗin zama da takardar halarta. Wanda ake turawa sau da yawa ba mai koyar da darasin ba ne, wanda ke kusa da ofis ne. A ce in ya dawo zai koyar da sauran, ya dawo ya tarar da aiki ya taru, maganar ta bi ruwa. Alhali masu bincike kan horon farfaɗo da jarirai, wanda aka fara yaɗawa a 2010, sun sha nuna cewa hannu yana mantuwa cikin 'yan watanni in ba a maimaitawa. Abin da ke zama shi ne gwaji gajere a kai a kai, a wurin aiki, da jaririn roba da jakar hura iska, ko da minti goma sha biyar ne kafin a karɓi aiki. Wannan ba ya buƙatar otal, yana buƙatar malami mai lokaci.

Akwai kuma wani giɓi da ba a cika faɗa ba. Asusun TETFund, wanda ke tura malaman manyan makarantu ƙarin karatu da taruka, dokarsa ta 2011 ta ambaci jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi ne. Makarantun jinya da na fasahar lafiya na jihohi, waɗanda ke ƙarƙashin ma'aikatun lafiya, sun daɗe a waje. Ma'aikatar lafiya kuwa, in kuɗi ya yi ƙaranci, magani da man janareta take fara dubawa, kuma ba za a ga laifinta ba. Sai malamin ya zama ba na ilimi ba, ba na lafiya ba.

Yanzu mu zo kan gajiya, don ita ce ke cinye duk abin da na lissafa. Ba gajiyar da barcin dare ɗaya ke warwarewa nake nufi ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya bayyana ta a 1974 bayan ya lura da masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a birnin New York: waɗanda suka fi kowa himma su ne suka fi saurin lafewa. Christina Maslach ta fito da ma'aunin gwada ta a 1981, sannan a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a kundinta, ba a matsayin cuta ba, a matsayin abin da matsin aiki marar magani ke haifarwa. Alamunta uku ne: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin har mutum ya riƙa ganin ba shi da amfani, sannan ƙwazo ya ragu.

Duk wanda ya zauna da malaman nan ya san kamanninta. Mutumin da da yake zuwa da sabon abin da ya karanto, yanzu tsohon littafin rubutunsa yake buɗewa ya yi shifta. Ya daina bin ɗalibai ɗakin marasa lafiya, sai su kawo littafin aiki ya sa hannu bai gani ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Ku dai ku haddace ku ci jarrabawa, sauran kwa koya a wurin aiki." Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Rijiya ce da kowa ke jan ruwanta ba mai yashe ta. Abin da ya fara mutuwa a wurinsa shi ne karatu, domin shi kaɗai ne aikin da ba wanda zai tuhume shi in ya bari. Aji dole ne, jarrabawa dole ce, aikin dare dole ne, hidimar gida dole ce, karatun kansa ne kawai ake iya ɗagawa zuwa gobe. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a raba maganar gajiya da maganar neman ilimi har tsufa kamar matsaloli biyu. Ba za ka ce wa wanda bai runtsa ba ya buɗe mujallar bincike ba.

Dalilan kuma ba ɓoyayyu ba ne. Likitan da ke koyarwa a jami'a yana da iyayen gida biyu, jami'a da asibiti, kowanne na son cikakken lokacinsa. Rigimar tsarin albashin irin waɗannan malamai na cikin abin da ya sa ƙungiyar manyan likitoci ta yi yajin gargaɗi a Nuwamban 2024. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, da aka dawo kuma aka cusa zango cikin zango ba hutu. Duk abokin aikin da ya tafi waje, darussansa kan wanda ya rage suke faɗawa. Malama mace kuwa in ta tashi daga makaranta wani aikin ne ke jiran ta a gida. Maslach da abokin bincikenta Michael Leiter sun nuna cewa ba yawan aiki kaɗai ke kawo wannan hali ba; akwai rashin ta cewa a kan aikinka, da rashin sakayya, da rashin adalci wajen ƙarin girma da rabon dama, da tilasta maka yin abin da zuciyarka ba ta yarda da shi ba, kamar ƙetarar da ɗalibin da ka san bai iya ba saboda ɗan wane ne.

Mu kuma abin da muke ce musu shi ne, "A yi haƙuri, aikin lada ne." Gaskiya ne, aikin lada ne, kuma haƙurin nan shi ya riƙe makarantunmu har yau. Amma bai dace shugaba ya mai da haƙurin na ƙasa da shi madadin ɗaukar ma'aikata ba. Kuma cutarwar ba ta tsaya kan malamin ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato haihuwar da ƙwararre ke karɓa ba ta kai 1 cikin 10 ba. Dalilan suna da yawa, akwai nisa da talauci da al'ada, amma ku tambayi mata a gidan suna, za ku ji wani dalilin: tsoron wulaƙanci. Tsawar da ake yi wa mai naƙuda ba a ɗakin haihuwa aka ƙirƙire ta ba, yawanci daga aji aka ɗauko ta.

Ƙarancin malamai mata shi ma babbar magana ce a yankin da magidanta da yawa ba sa son namiji ya duba iyalinsu, iyaye kuma ba sa sakin 'yarsu zuwa makarantar kwana sai sun natsu da waɗanda za su riƙe ta. Shirin Mata Don Lafiya da Birtaniya ta tallafa daga 2012 zuwa 2020 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, daga baya har da Borno, ya gane cewa kawo 'yan matan karkara bai isa ba sai an samar da malamai mata, da gidajen kwanansu, da wurin renon yara a cikin makaranta. Sakkwato ba ta cikin jihohin, amma ba sai ta je nesa neman darasi ba. Tun wajen shekarun 1830 Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'yan taru. Takan naɗa dattijuwa mai mutunci a matsayin jaji, ta ba ta malfa, jajin ta riƙa jagorantar mata daga ƙauyensu zuwa wurinta, su ɗauki karatu su koma su koyar. Abin lura a nan shi ne jaji ba zuwa ɗaya take yi a sallame ta ba. Tana komowa, tana ƙaro ilimi, tana da wadda za ta kai wa abin da ya shige mata duhu, kuma jama'a na ganin girmanta. Abubuwan nan uku su ne malamar ungozomanci ta yau ta rasa.

A 2025 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sanar da wajabta wa ma'aikatan lafiyar da ta horar yin shekara biyu a karkara. Mataki ne mai kyau, amma sabon ma'aikacin da aka ajiye a Fakku ba mai duba shi, zai yi shekara biyunsa yana ƙirga kwanaki. A ganina malaman kwalejin Tambuwal su ya kamata a ba wannan amana, da mota da alawus da ragin darussa: kowane malami ya riƙa yin wasu makonni a shekara a ƙananan asibitocin Kebbe da Tambuwal, yana aiki da hannunsa, yana gyara wa tsofaffin ɗalibansa, shi ma yana ganin abin da darasinsa ya zama in babu wuta, babu jini a firji, babu likita. Ungozomomin da suka goge a manyan asibitocin yankin a ba su ɗan horon koyarwa da ɗan ƙari a albashi, su zama masu riƙe ɗalibai a bakin gado. Waɗanda suka yi ritaya da sauran ƙarfinsu a dawo da su da kwantiragi. A ware wa kowane malami yini ɗaya a mako da ba aji ba taro, a sa wutar sola da intanet a ɗakin karatu, tun da yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya tana da darussa kyauta da ake bi ta waya.

Sai kuma maganar ƙidaya. An daɗe ana kokawa a ƙasar nan cewa wasu makarantu kan aro malamai da kayan aiki idan masu tantancewa za su zo, su mayar bayan sun tafi. Maganin wannan shi ne hukumomin su riƙa zuwa ba sanarwa, kuma kowace kwaleji ta liƙa a bainar jama'a yawan ɗalibanta, da yawan malamanta na dindindin, da shekarar da kowannensu ya yi horo na ƙarshe. 'Yan majalisar jiha masu wakiltar Kebbe da Tambuwal suna da ikon neman waɗannan alƙaluma lokacin kare kasafin kuɗi, su kuma nemi a ware wa horar da malamai layinsa na kansa a kasafin ma'aikatar lafiya, kada a amince da ƙarin ɗalibi ko ɗaya sai an nuna wanda zai koyar da shi.